Baristar da ta riƙe maganar auren ƙanwata lokacin da mijinta ke gidan yari, ga yadda muka kwashe da ita

Tun ranar da na ɗan taɓo maganar nan a gidan suna mata suke ta kirana, wace lauya ce kuka je wurinta, nawa ta caje ku, wai da gaske ne alƙali na iya raba aure miji na ɗaure. Na gaji da maimaita abu ɗaya kati na ta ƙonewa, dan haka bari in rubuta gaba ɗaya mai buƙata ta karanta. Sunan baristar kam ba zan saka ba, saboda akwai inda zan yabe ta akwai kuma inda zan faɗi abin da bai min daɗi ba, kuma ƙanwata ta ce in rubuta amma kar in ambaci kowa.

Mijin autarmu dillalin hatsi ne, yana karɓar kuɗin mutane ya je Giwa ko Saminaka ya sayo masara a ajiye sai ta yi tsada a fitar. A 2023, shekarar da aka cire tallafin mai komai ya hargitse, lissafi ya kwance masa, masu kuɗi suka taso shi gaba, daga caji ofis sai kotu, sharuɗɗan beli suka gagara, aka kai shi gidan yarin Ƙofar Doka a nan Zariya. Wata goma sha ɗaya ya yi yana jiran shari'a kafin a yanke masa shekara biyar. Wannan jiran ba shi kaɗai ba ne fa, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya ba a ma yanke musu hukunci ba, jira suke. Tun 2019 aka canja wa hukumar suna zuwa ta gyaran hali amma a bakin mutanen unguwa har gobe kurkuku ne, kuma matar da aka bari a waje sunanta matar fursuna.

Ƙanwata lokacin shekararta 26, yara biyu, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Dangin miji sun yi ƙoƙari wata uku na farko, tsakani da Allah, ƙaninsa yana kawo tiya biyu ta shinkafa da ɗan kuɗin cefane duk Juma'a. Daga nan ya koma duk bayan sati biyu, daga nan sai in an kira, daga nan in an kira ma sai a ji tana ringin ba a ɗauka. Mai gida ya aiko maganar haya. Ta sayar da firij, ta sayar da gadonta na aure, ta dawo ɗakin Inna a Tudun Wada da yara.

A nan ne kowa ya zama malami. Wata gwaggonmu ta ce ai in miji ya yi wata huɗu bai kusanci matarsa ba aure ya mutu da kansa. Wata maƙwabciya ta ce a'a shekara huɗu ne sai ta jira. Wani abokin Baba ya ce ai ranar da alƙali ya buga guduma ranar igiya ta tsinke. Abin da ya tada min hankali shi ne wani bawan Allah har ya fara aiko da turare da atamfa ta hannun gwaggon nan, ita kuma tana cewa a karɓa mana ai bazawara ce. Na ce wa Baba, Baba dan Allah kar mu wayi gari an ɗaura aure kan aure a gidan nan, a bari mu tambayi wanda aikinsa kenan. Wata abokiyar aikina ce ta min kwatancen ofishin.

Yana Sabon Gari, saman bene, ƙasa masu sayar da fenti da kayan famfo. Matattakalar duhu ko da rana tsaka, ga ta a tsaye kamar tsani, mai goyo sai ta dafa bango. Ɗaki biyu ne, na waje benci biyu da teburin sakatariya, na ciki na barista. In nepa sun ɗauke sai fifita da fayil, janareta sai in za a buga takarda ake tayarwa. Ranar farko mun zo ƙarfe goma kamar yadda aka ce, barista ba ta dawo daga kotu ba sai ɗaya da rabi. Kuɗin ganinta da buɗe fayil naira 10,000, an ba mu rasit nan take ba mu tambaya ba, wannan ya burge ni.

Abin da ya sa har yau nake tura mutane wurinta duk da ƙorafin da zan yi a ƙasa shi ne zaman farkon nan. Ni na shiga da zafina, na fara zuba, so muke a raba auren nan kawai yarinya ta huta. Ta bar ni na gama tsaf sannan ta ce, Hajiya na ji naki, amma ba ke ake aure ba. Ta juya ta kalli ƙanwata ta ce, ƙanwata ke me kike so, fita kike so ko abinci kike so, dan ba ɗaya ba ne. Yarinyar nan da ta yi wata da watanni ba ta yi kuka a gabanmu ba sai ga hawaye, ta ce Anti ni ban sani ba, ni dai na gaji. Barista ta miƙa mata ruwan leda ta ce to ba laifi, ba yau za ki sani ba, bari in faɗa miki inda kike tsaye tukuna.

Ta ce ɗauri ba saki ba ne. Ko shekara ashirin aka yanke wa mutum matarsa tana nan matarsa har sai ya sake ta da bakinsa ko da rubutunsa, ko alƙali ya raba. Wata huɗun da gwaggo ke faɗa na mijin da ya rantse ba zai kusanci matarsa ba ne, shi ake kira ila'i, kuma shi ma sai an je gaban alƙali. Shekara huɗun kuma na mijin da ya ɓace ne ba a san yana raye ko ya mutu ba, shi kuwa wannan an san ɗakin da yake kwana. Kowa ya tsinci guntun karatu ya liƙa inda ba wurinsa ba. Atamfar nan kuma ta ce a mayar yau ba gobe ba, neman matar aure ne.

Sannan ta ɗauko farar takarda ta zana ƙofofi uku, har yanzu takardar na jakata. Kotunan shari'ar Musulunci na jihar Kaduna da mazhabar Malikiyya suke hukunci a maganar aure, kuma Malikiyya ta buɗe wa mace hanya sosai a irin wannan. Ta farko rashin ciyarwa, in miji ba ya iya ci da sha da sutura da wurin kwana, kuma ba shi da wata dukiya a waje da alƙali zai sa a ciyar da ita daga ciki, to alƙali zai ba shi wa'adi, in ya cika ba abin da ya canja ya raba, saki ɗaya ne kuma in ya samu hali kafin idda ta ƙare yana da ikon kome. Ta biyu cutuwa, wato ko ana ciyar da ita in zaman ya yi tsawo har tana tsoron faɗawa halaka tana iya kai kuka, malamai suna maganar shekara ɗaya zuwa sama, wannan rabuwar kuma ba kome sai da sabon ɗaurin aure. Ta ce a Masar ma tun 1929 suka rubuta shi cikin doka, matar wanda aka yanke wa shekara uku ko fiye tana iya neman rabuwa bayan ya yi shekara ɗaya a ciki, mu nan babu adadi rubutacce irin wannan, alƙali ne ke duba littattafan fiƙihu da halin da mace ke ciki. Ta uku hul'i, ki mayar da sadaki ko abin da aka daidaita ki fanshi kanki. Wannan ta ce shi ya fi sauri amma kar ki yi gaggawarsa, mace mai haƙƙi a hannu me zai sa ta biya kuɗi ta sayi abin da shari'a za ta ba ta kyauta, ke da ko gado ba ki da shi.

Sai ta ƙara da maganar da ban taɓa jin lauya ya yi ba. Ta ce wannan ƙarar ko ba lauya za ki iya shigar da ita da kanki, ki je kotu ki samu magatakarda ki faɗi kukanki, kuɗin ba shi da yawa, mata nawa ke yi kullum. In kuma lauyan kyauta ake so akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA suna da reshe a Kaduna, shi kuma mijin in maganar ɗaukaka ƙara ce akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta gwamnatin tarayya da aka kafa tun 1976 saboda marasa hali. Wato da bakinta ta nuna mana hanyar da ba za ta ci sisinmu ba. Mun zauna da ita ne saboda ƙanwata ba ta iya haɗa magana biyu a gaban maza ba tare da muryarta ta sarƙe ba.

Ba ta yarda an tafi kotu kai tsaye ba. Ta ce sai an ji ta bakinsa, mutum ne ba gawa ba. Muka je ziyara mu uku, aka rubuta sunayenmu, aka karɓi wayoyi, aka duba kular abinci har sai da ƙanwata ta ɗanɗana tuwon da miyar a gaban gandiroba kamar yadda ake yi wa kowa. Da aka fito da shi da ƙyar na gane shi, mutumin da ke cika kujera ya koma kamar sanda, ya aske kai, yana ta jan rigarsa ƙasa kamar mai jin kunyar tsayuwa. Ziyarar 'yan mintuna ce kuma a gaban mutane, ba wani keɓewa tsakanin miji da mata, duk abin da za ku faɗa na kusa da ku yana ji. Tambayarsa ta farko ita ce ƙaramar ta fara tafiya. Ta ce ta fara tun azumi. Ya yi shiru ya kalli ƙasa. Barista ta gabatar da kanta a hankali, yana jin kalmar lauya fuskarsa ta canja ya ce Yaya har ta kai ga haka. Ni da na zo da shirin faɗa sai na rasa bakin magana wallahi. Ashe shi duk zatonsa ƙaninsa yana kai cefane, haka ake faɗa masa, bai san an tashe su daga gidan haya ba, bai san an sayar da gado ba. Ita kuma ta daina zuwa ziyara ne saboda kuɗin napep da na abincin da za ta riƙo, shi yana can yana tunanin ta samu wani ne. Wata bakwai kowa na zargin kowa ba wanda ya faɗa wa wani gaskiya.

Daga nan barista ta haɗa zaman sulhu a zauren Baba, ƙaninsa da kawunsa suka zo, aka rubuta yarjejeniya za a sayar da wani ɗan filinsa da ke wajen Dakace a ba ta jari da kuɗin wata, ita kuma za ta jira. Aka kawo lissafin da kowa ya sani cewa shekarar gidan yari wata takwas ce in mutum bai yi laifi a ciki ba, tunda ana rage kashi ɗaya cikin uku, kenan biyar ɗin nan ba biyar ba ce cif. Ƙanwata ta yarda da zuciya ɗaya, har ta sayi sabon hijabi na zuwa ziyara. Aka sa hannu. Wata biyu aka kawo kuɗi, a na uku aka ce ai filin ma masu bin bashi sun riga sun kai ƙara a kansa, a na huɗu uwar mijin ta aiko a faɗa mata in ta gaji ta kawo musu jikokinsu ta kama gabanta. A daidai lokacin kuma aka mayar da shi Kaduna, tafiyar da in ka haɗa mota zuwa Kawo da napep da dawowa da abinci kuɗin cefanen sati ne. Ranar ita da kanta ta ce min Yaya kira Anti barista.

To a nan ne ƙorafina ya fara. Na farko sakatariyar nan. Ranar da muka koma benci cike da mutane har da maza, ta ɗaga murya daga teburinta ta ce wa yaron ofis ɗauko fayil ɗin matar fursunan nan. Kowa ya juyo. Ƙanwata ta ja hijabi ta rufe fuska, har muka sauko ba ta ce uffan ba. Na faɗa wa barista, ta ba da haƙuri sosai kuma ba a sake ba, amma ofishin da aikinsa sirrin aure ne bai kamata a ce sai an koya wa mai tsaron ƙofarsa wannan ba. Ga ƙofar ciki ta falanki, wanda ke benci yana jin rabin abin da ake faɗa, ni kaina na ji labarin mutane biyu da ba na so in ji.

Na biyu waya. Barista ba ta ɗaukar waya, in ka tura saƙo a WhatsApp ka ga ta karanta sai bayan kwana biyu ta amsa da kalma uku. Mai shari'a a kotu kuwa zuciyarsa a rataye take, kwana biyu shekara ce. Na uku kuma shi ya fi min ciwo, zama na biyu a kotu ba ta zo ba, wai tana da wata shari'a a babbar kotu, ta turo wani ƙaramin lauya da ko sunan yaran bai sani ba, a bakin kotu yake tambayata wai shekara nawa aka yanke wa mijin. Ga shaidunmu biyu dattawa mun ɗauko su tun safe, ɗaya mai ciwon ƙafa. Aka ɗage sati uku. Da ta faɗa mana tun dare da ba mu wahalar da bayin Allah ba.

Maganar kuɗi, mun yi da ita naira 120,000 na shari'ar gaba ɗaya, biya uku, kuma ba ta taɓa matsa mana ba ko da muka makara da na ƙarshe. Sai dai ba a faɗa mana tun farko cewa kuɗin kai sammaci Kaduna da na motarta ranar da ta je ganinsa can daban ne ba, wannan ya ci kusan 35,000 da ba mu shirya masa ba. Duk da rasit, ban ce an ci mu ba, amma wanda zai je ya tambaya tun ranar farko me ke cikin kuɗin me ke wajensa, a rubuta.

A kotu kam in ta zo ta san aikinta. Ba ta da hayaniya, Allah gafarta Malam ga abin da muke nema ga dalilinmu, shi kenan. Ta hana ƙanwata faɗin ko kalma ɗaya ta zagi a kan mijin, ta ce ba laifinsa na kuɗin mutane aka zo yi ba an riga an yi wannan, ki faɗi yaushe rabon da a ciyar da ke kawai. Aka kai masa sammaci, ya aiko da jawabi a rubuce cewa gaskiya ne ba shi da abin ciyarwa kuma ba ya so ya zalunce ta. Shaidu suka yi shaida, ta yi rantsuwa, alƙali ya ba da wa'adi ko dangi za su ɗauki nauyi, ba wanda ya leƙo. Wata huɗu da 'yan kwanaki daga shigar da ƙara aka raba, saki ɗaya. Barista ta tsaya sai da aka ba mu takardar hukunci mai hatimi, ta ce a yi mata hoto a ajiye a wuri biyu, dan ranar da wani zai zo neman aure ko ranar da shi zai fito wannan takardar ce za ta yi magana. Ta kuma zaunar da ita ta lissafa mata idda, tsarki uku, ta ce kafin ta cika kar a karɓi ko goron kowa.

Yara ma da aka yi barazana da su ta warware mana. A Malikiyya uwa ce ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta auri wani bare kuma riƙon yana komawa wurin kakarsu ta wajen uwa ne kafin a zo kan dangin uba. Inna da ta ji haka har da gyara zama. Ciyar da su kuma yana nan a wuyan ubansu. Amma ta roƙi ƙanwata kar ta hana su zuwa gaida kakarsu ta can, kuma duk sallah a kai masa hotonsu.

Wata mata da muke yawan haɗuwa a bencin nan, 'yar Wusasa, auren coci da rajista suka yi, ita tata hanyar daban ce gaba ɗaya, babbar kotu take zuwa ba kotun shari'a ba. Dokar auren rajista ta 1970 ta ce in miji ya yi shekara uku a ɗaure bayan an yanke masa hukunci kan laifin da hukuncinsa ya kai kisa ko ɗaurin rai da rai ko shekara biyar zuwa sama, kuma yana ciki har ranar shigar da ƙara, to hujja ce ta neman rabuwa. Nata shekara biyu ya yi, barista ta ce mata ko ta jira ko a bi ta wata hujjar. Na faɗi wannan ne dan a san ofishin yana karɓar kowane irin aure, kuma kar wata ta ɗauki lissafinmu ta ɗora a kan nata.

In maki ake so na ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan sakatariya da waya da ranar da aka bar mu da dattawa a rana suka cinye shi. Wadda ta riga ta yanke shawara kuma bakinta na iya magana a gaban alƙali, gaskiya ta je kotu da kanta ta riƙe kuɗinta ta yi jari. Wadda kuma take kamar ƙanwata, kowa na ja mata hannu ta wani gefe, ko zaman farkon nan na 10,000 kaɗai ta je ta yi, ta tafi da wani babba amma ta ce masa ya yi shiru, kuma ta je ranar Juma'a da yamma ko Asabar dan sauran ranaku barista tana kotu har azahar.

Ƙanwata yanzu tana ɗinkin hijabai a shagon wata ƙawarta a Tudun Wada, idda ta cika tun tuni, mai atamfa ya dawo ta ce a ba shi haƙuri. In lissafin wata takwas ɗin nan ya tafi daidai baɗi uban yaran zai fito. Satin da ya wuce na ga ta soya gyaɗa ta ƙulla da garin rogo da sabulu biyu ta ba ƙaninsa ya kai masa Kaduna, na ce ke kuma fa, ta ce Yaya uban 'ya'yana ne. Na tura wa barista saƙo na tambaye ta in ya fito suka ce za su koma ya ake yi, sabon sadaki da waliyyi da shaidu ne kamar yadda nake zato ko kuwa, ta karanta saƙon tun shekaranjiya, ina nan ina jira.